Ƙira'ar Gefen Titi

"Talabijin?! Zaharaddeen, ka haukace ne?"

"Rage murya mana, Nanata, Malam yana ciki..."

A soron gidanmu na Ƙofar Nassarawa muke tsaye, saura sati biyar ɗaurin aurenmu, shi ne bawan Allahn nan yake gaya min wai ma'aikatan gidan talabijin sun bi su sati uku da kyamara, daga Kaduna har Jos, kuma ranar Asabar za a nuna!

Duk unguwa da fataucin atamfa aka san shi. Ni kaɗai na san jita yake kaɗawa, irin kiɗan nan mai tsaga kunne da suke kira rok, shi da wasu samari huɗu 'yan Sabon Gari. Mahaifina Malam kuwa shi ne limamin unguwa, a gabansa Zaharaddeen ya sauke Alƙur'ani, shi ya sa ma ya ba shi ni ko bincike bai aika an yi ba.

"Wallahi ba mai gane ni," ya ce yana dariya. "Gashin kanti nake sawa, ga tabarau kamar faranti, sunana ma a can Dino. Ke kanki sai kin yi da gaske."

"In aka gane fa?"

"Malam ba ya kallo, yanar ido ma ta rufe masa gani."

"Ni dai gabana faɗuwa yake..."

"Ki yarda da ni, masoyiyata."

Na yarda, don dama so hana ganin laifi ne.

Baba Gwadabe, ƙanin Malam, gida ɗaya muke da shi. A watan ya sayo akwatin talabijin don ya ga soja sun miƙa mulki da idonsa, tun daga nan kullum bayan la'asar tsakar gidanmu sai ya koma kasuwa.

Ranar Asabar ko koko na kasa sha. Na shiga ɗaki na fito ya fi sau goma. Na roƙi Allah a ɗauke wuta, amma wutar da kullum sai ta gudu, ran nan ta zauna daram.

Sai ga shi an hasko shi, yana tsalle yana girgiza kai, jita a wuya.

"Kai! Wannan aljanu ne suka hau kansa?" in ji Baba Gwadabe. "Allah ya shirya 'ya'yan mutane!"

Mata suka tuntsire da dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Gaskiyarsa, ba wanda ya gane shi. Malam yana can jikin bango kan buzunsa, ya ba mu baya yana jan carbi. Har na fara sauke ajiyar zuciya.

Sai aka nuno motarsu ta tsaya a gefen titi, rana ta faɗi. Dino ya shiga gaba, direba da mai ganga suka bi bayansa, ya tayar da sallar magariba. Fuskarsa ba ta fito ba, amma ya ɗaga murya da karatu.

Carbin Malam ya tsaya.

"Gwadabe, ƙara maganar akwatin nan."

Aka ƙara.

"Wa yake jan sallar?"

"Wani makaɗi ne, Yaya, wai shi Dino."

"Ba Dino ba ne," Malam ya ce a hankali. "Shekara tara ina gyara wannan bakin. Inda yake tsayawa ya ja numfashi, ni na koya masa. Zaharaddeen ne."

Aka kashe akwatin.

"Nana Hauwa!"

Na je gaban Malam na durƙusa.

"Kin sani?"

Da na ce a'a zai yarda, bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Amma bakina ya ƙi.

"Na sani, Baba..."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a sa rana."

Ya kawar da kai. Wallahi da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

"Na ba da ke a gaban mutane, kuma magana zarar bunu ce," ya ce. "Ranar tana nan, ku yi aurenku. Gwadabe, ka nemo wani limamin ya ɗaura."

"Haba Yaya! Kai da ka ɗaura auren unguwar nan kaf?"

"Su ba su rufe ni ba."

"Baba, don Allah ka yafe min! Tsoro na ji kar ka raba mu..."

Ladan ya kira sallah. Malam ya miƙe, na yi sauri na kama hannunsa, don tun da idonsa ya raunana ni nake kai shi bakin ƙofar masallaci. Ya zare hannun a hankali, ya dafa bango, ya fita yana lalube.

Na samu mijin da nake so. A wurin na zauna na yi ta kuka.