Gawa a Rijiyar Tudun Kalgo

Hantsi ya ɗaga lokacin da waya ta shigo komisariyar 'yan sandan Filinge: an tsinci gawa a rijiyar Tudun Kalgo, wani ƙauye bayan Tabla. Sufeto Manzo ya ja tsaki. Ya san ƙauyen, ya kuma san ita kaɗai ce rijiyar da ta rage da ruwa a yankin. Tabkuna sun ƙafe, famfo ya mutu tun bara.

Da ya isa, har an fito da gawar an lulluɓe. Kailu ne, dattijon da gari ya ɗora kan rijiyar. Shi ke kulle murfinta don ruwa ya taru, shi ke raba layi. Ga rauni a ƙeyarsa, ga kwaɗon murfin a buɗe.

"Wa ya hiddo shi?" Manzo ya tambayi mai gari.

"Sahabi. Shi ɗai ka iya shiga rijiyag ga, ranka shi daɗe. In babu shi ya yashe ta, mun tashi."

"Kailu na da abokin faɗa?"

"Mai rabon ruwa? Ai kowa."

Da farko gari ya ɗora laifin kan Ibrah, makiyayin da ya zagi Kailu jiya. Manzo bai ɓata lokaci a kansa ba. Mutumin ya kwana a Bonkuku neman ruwan shanunsa, shaidu kuma sun fi a ƙirga.

Sai Sufeto ya bi layin bido, wato jarkokin ruwa, da ke jere tun daga bakin rijiya har gindin kalgo. A nan bido ke riƙe wa mutum wuri, ya kwana ya yini a layi. Mutum ya gwammace ya bar jana'iza da ya ɗauke nasa. Amma kusa da gaba akwai giɓi, shatin gindin bido biyu a kan yashi.

"Na wa ne nan?"

Wata mata mai suna A'isha ta ce, "Na Sahabi. Ina zuwa da asuba na iske shi yana ɗaure su ga jaki. Na ce ka haukace? Layinka ya kusa."

"Lokacin an ga gawar?"

"A'a. Sai da gari ya waye, guga ta maƙale."

Wallahi Manzo ya so a ce wani ne daban.

Ya iske Sahabi a ƙofar gida, laka ta bushe a ƙafafunsa. Daga ciki jariri na kuka.

"Barka da arziki. Yaushe aka haihu?"

"Shekaranjiya."

"Mi ya sa ka ɗauke bidonka?"

"Sun tsage ne."

"Duka biyun? Ga su can a cike. Ruwan ina ne?"



"Na Tabla ne," in ji Manzo. "Ka bar ruwa a ƙofar gidanka, ka kora jaki Tabla, don ka san abin da ke cikin rijiya tun kafin kowa ya sani. Ba ka iya wanke ɗanka da shi ba."

Sahabi ya zauna daɓas a ƙasa.

"Matata Basiratu ba ta yi wankan jego ba ko sau guda," ya ce. "Zazzaɓi ya rufe ta, ungozoma ta ce sai ruwan zahi. Na roƙi Kailu guga ɗaya kafin layi. Ya buɗe murfi, ya leƙa, ya ce in ya ba ni sai ya ba kowa. Ni da nike shiga ramin ga da raina! Na fizgi igiya, shi ma ya ja. Na saki."

"Ka yi kururuwa?"

"Na ji ƙarar faɗuwarshi. Na san zurfinta, Sufeto. Ba a hitowa."

Da aka sa masa ankwa, gari ya kewaye motar 'yan sanda. Babu mai zancen Kailu. Liman ya ce dole a kwashe ruwan kaf, a yashe ƙasan, sannan ya halatta a sha. Mai gari ya riƙe hannun Manzo.

"Ka bar muna shi ko na kwana kaɗan."

"Ba ni da wannan iko, Baba."

"To wa za ya shiga?"

Manzo ya dubi samarin garin. Kowa ya sunkuyar da kai. Manzo ya san shari'a ya yi, ya kuma san garin ya kashe.

Direba ya tada mota. Kafin su kai gindin kalgo, A'isha ta zura guga. Sahabi ya miƙa wuya yana kallo.

"Kwashewa suka fara?"

"A'a," in ji Manzo. "A bido take zubawa."