Tukwanen da Ke Bayan Karafan

Ranar Asabar da hantsi, ana gobe za a buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, Injiniya Badaruddeen ya shigo wani caji ofis a birnin Doha da hularsa a hannu, ya ce an sace masa karafan.

Karafan shi ne gidan nan mai tayoyi da ake ja da mota zuwa sahara idan sanyi ya shigo. Na Injiniya kuwa ba na yara ba ne. Jikinsa alminiyon ne mai ƙyalli, da gado da kicin da bayi da na'urar sanyaya ɗaki. A shekarar korona ya saye shi, lokacin da aka rufe filayen jiragen sama, masu hali suka mayar da hutunsu kan rairayi.

"Laraba ta sama mai saye zai zo, Malam Mas'udu," in ji shi. "Kusan yadda na saya ya taya, saboda baƙin da suka zo kallon ƙwallo. Irin wannan ba ya faɗuwa in dai bai taɓa haɗari ba. Shekara biyu ina lallaɓa shi, ko da takalmi ba a shiga."

Sufeto Mas'udu ya jawo masa kujera da kansa. Shi haifaffen Mai Wurno ne a Sudan, jikan Hausawan da suka tashi aikin Hajji a ƙafa suka yada zango a hanya. Shekararsa goma sha tara yana aikin ɗan sanda a Doha, duk ƙarar da ta zo da Hausa teburinsa take sauka. Yana da rauni guda da ba ya so a sani: idan Bahaushen Najeriya mai muƙami ya kira shi ɗan'uwa, sai jikinsa ya yi sanyi don daɗi. Injiniya kuwa ya sha kiransa haka, har tuwo ya ci a gidansa sau uku.

"Ina kake ajiye shi?"

"Wani fili ne mai shinge a bayan unguwar Old Airport. Jiya da la'asar na leƙa, wayam."

"Wa ke da makullin ƙofa?"

Injiniya ya juya hularsa a hannu. "Mai gadi. Mumin, ɗan Ghana."

Da suka isa filin, shaidar tayoyi kawai ta rage a ƙasa. A gindin shinge Sufeto ya ga tampol ɗin rufe karafan an naɗe shi tsaf, an ɗora masa katakan tare taya guda huɗu, ɗaya kan ɗaya. Zuciyarsa ta ce masa ɓarawo ba ya tsayawa ninke tampol. Ya ji ta sarai, ya yi kamar bai ji ba.

Mumin dogo ne siriri, ɗan Zangon Kumasi, da zaren tutar Ghana ɗaure a wuyan hannunsa. Ya gaishe su da Hausa har da rusunawa.

"Jiya da safe kana ina?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ina nan, Ofisa."

"To wa ya fitar da karafan?"

Mumin ya dubi Injiniya. Injiniya na duban wayarsa.

"Ban gani ba."

"Abu kamar ɗaki ya wuce ta ƙofar da kake gadi, ka ce ba ka gani ba?"

"Watakila na je masallaci, Ofisa."

"Ɗazu ka ce kana nan."

Kyamarar filin ta lalace tun watan jiya. Akwai kyamarorin titi, amma neman hotunansu sai an cike takarda an bi layi, gari kuma ya cika da baƙi, kowane ɗan sanda yana aikin mutum uku. Sufeto ya ga mai gadi yana ƙarya ƙuru-ƙuru, ya ce wannan ya isa. Aka karɓi bel ɗin Mumin da wayarsa, aka rufe shi.

Washegari kafin azahar kafil ɗinsa, wato mai kamfanin da ya kawo shi ƙasar, ya bugo waya. Ya ce ba ya riƙe ma'aikacin da ya kwana a hannun 'yan sanda. Da an gama da shi a sanar da su, za su yanka masa tikitin Accra, khalas, shi ke nan.

Litinin da safe Sajan Abass na sashen kula da hanya ya kira. An ga karafan a bayan wani tudun rairayi a hanyar Sealine, wadda masu hutu ke bi zuwa sahara.

Yana kwance a kan haƙarƙarinsa, gefe guda ya lotse kamar gwangwanin madara da aka taka. Sajan Abass, wanda rabin rayuwarsa a wannan hanya ya yi ta yana kwashe irin wannan ɓarna, ya zagaya gaba ya ɗaga sarƙoƙi biyu.

"Dubi nan, ranka ya daɗe. Sarƙar tsaro ce, wadda ke riƙe karafan idan maƙalin ya kuɓuce. Ko ƙwarzane babu, ba a maƙala ta ba. Wayar birki kuma ga ta a tsinke."

"Me ya kayar da shi? Hanyar a miƙe take."

"Leƙa ciki ta baya."

Sufeto ya haura ya leƙa ta taga. Can ƙurya, kusa da bayi, kaya ne jibge: janareta, jarkokin ruwa shida, buhun shinkafa biyu, manyan tukwane uku. Gaban kuwa, wajen gado da kujerun fata, fayau, har da ledar da aka shimfiɗa kan kafet.

"Nauyi a gaban tayoyi ake sa shi," in ji Sajan Abass. "In ka tara shi a baya, da ka ɗan taka mota sai wutsiya ta fara kaɗawa, dama, hagu, dama, har ta fizge. Wanda ya ja wannan ya auna arziki da bai tafi da motarsa ba."

Wani wari ya riga ya doki hancin Sufeto. Ya zura hannu ya ɗebo abin da ya watse a ƙasa. Daddawa ce da garin kuka, ga manja ya malale a kansu.

Ya daɗe tsaye a rana yana duban tafin hannunsa. Ɓarawon da ya naɗe tampol, ya shimfiɗa leda don kada kafet ya ɓaci, ya kuma taho da kayan miyarsa. Kunya ta kama shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Daga nan inda yake ya buga waya ofis ya ce a nemo hotunan kyamarorin titi na safiyar Juma'a, abin da ya kamata ya yi tun Asabar.

Bai wuce ofis ba, sai unguwar Bin Mahmud, gidan Injiniya. Matarsa Dakta Hannatu ce ta buɗe ƙofa, dawowarta ke nan daga asibiti.

"Sufeto, sannu da zuwa. An samu labari?"

"Ana kan bincike, Dakta. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni, kada ki yi dariya. Manyan tukwanenki suna nan?"

Ta buɗe baki. "Yaya aka yi ka sani? Tun Alhamis Abban Fiddausi ya kwashe su, wai wani abokinsa zai yi suna. Ga iyayena na isowa daga Kano jibi, ban san da me zan yi girki ba."

"Har da kuka da daddawa?"

Fara'ar ta bar fuskarta a hankali. Sufeto ya yi mata sallama ya sauko. A ƙasan bene ya tsuguna bayan babbar motar Injiniya. An kwance ƙwallon ƙarfen da ake maƙala karafan, amma mazauninsa ya karkace, fenti ya ɗaye sabo fil. Ya ɗauki hoton wurin da wayarsa.

Da la'asar Injiniya ya amsa kira. Wannan karon Sufeto bai jawo masa kujera ba.

"Yaushe rabonka da jan karafan?"

"Tun sanyin bara."

Sufeto ya ajiye ledar daddawa a kan tebur. Ya ajiye hoton bayan motar. Sannan ya juyo masa da kwamfuta: ga motarsa a shataletale ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Juma'a, karafan na biye da ita yana ƙyalli.

Injiniya ya cire gilashinsa ya rufe fuska da hannu biyu. Mutum ne da kamfanin gas ke biya don ya hana haɗari. Shi ne ya rubuta wa zauren Hausawan Doha dokoki goma na jan karafan, ya sa sarƙar tsaro a lamba ta ɗaya.

"Surukaina nake so in kai sahara sau ɗaya kafin in sayar," ya ce da ƙyar. "Na ce bari in riga su in shirya wurin, in ba Hannatu mamaki."

"Me ya sa ka tara kaya a baya? Kai fa ka koya wa mutane."

"Mai sayen ya ce in ya ji warin girki a ɗakin gaba zai rage kuɗi. Ka san manja da daddawa, in suka kama kafet sun kama ke nan. Na ce tafiyar awa ɗaya ce, zan bi a hankali. Sarƙar kuma tana goge fentin gaba, shi ya sa na bar ta."

"Ka kare kafet, ka kayar da gida."

"Da na fito na gan shi kwance, wallahi ba kuɗin ne ya fara zuwa raina ba. Fuskokin mutane na gani, a ofis, a masallaci. Na ce in sata ce, jaje za a yi mini. In haɗari ne, dariya."

"Inshora kuma ta biya ka cikakke."

Ya sunkuyar da kai. "Wannan ma ya zo daga baya."

"Mumin fa?"

"Na zaci tambayoyi za ku yi masa ku sake shi."

"Kwanansa biyu a rufe. Kafil ɗinsa na jiran mu gama ya kore shi. Ka sani?"

"Na sani," in ji Injiniya, muryarsa ba ta fita sosai.

Sufeto ya sa aka rubuta: rahoton ƙarya, ɓoye haɗari, yunƙurin yaudarar inshora. Sannan ya buga wa kafil waya da kansa. Ya ce yaronsa ba shi da laifi, kuskuren mai bincike ne, zai kuma aiko da takarda da sa hannunsa. Sai da ya maimaita sau biyu kafin mutumin ya ce to, ya dawo aiki gobe.

Aka fito da Mumin, yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya saboda babu bel.

"Ka ga lokacin da ya fita da shi," in ji Sufeto.

"Ni na buɗe masa ƙofa, Ofisa. Ni na taya shi naɗe tampol."

"To don me ka yi shiru? Ka san korarka za a yi?"

"Lokacin korona wata huɗu muna kulle a masauki, babu aiki. Duk Juma'a mutumin nan yana kawo mana shinkafa da mai, ya ajiye a bakin ƙofa. Da ya tsaya gabana ya ce an sace, na kasa cewa ƙarya yake. Na ce zai dawo ya faɗa da bakinsa." Ya ɗan yi murmushi. "Duk ƙofar da aka buɗe sai in miƙe, in ce shi ne."

Daidai nan aka fito da Injiniya tsakanin 'yan sanda biyu, da ankwa a hannu. Mumin ya juya ya fuskanci bango, ya tsaya haka har suka wuce, don kada mutumin ya san ya gan shi. Injiniya ya rage tafiya kamar zai yi magana. Ɗan sandan ya ce "Yalla, mu je," suka fice.

Sufeto ya miƙa wa Mumin bel ɗinsa da wayarsa da hannu biyu.

"Ka yafe ni. Na ga alama tun ranar farko na kau da kai. Injiniya ya zo mini da harshen kakannina, sai na ɗauke shi nawa."

Mumin ya zura bel ɗinsa a natse, ya gyara zaren da ke hannunsa, sannan ya ɗago.

"Ba komai, Ofisa, Allah ya yafe mu duka. Amma ranar nan ni ma da Hausa na gaishe ka."

Ya yi sallama ya fita. Sufeto Mas'udu ya amsa sallamar idonsa na kan tebur.