Layi Na Bakwai

"Danna ki ji mana! Tsoron me kike yi?"

Injiniya ba ta ɗago kai ba. Idonta na kan na'urar haɗa sauti, yatsunta biyu a kan feda ta bakwai, ɗaya daga cikin 'yan sandunan nan masu zamewa sama da ƙasa, waɗanda ake ƙara murya ko a rage ta da su. Fedar tana can ƙasa, layin a toshe. Amma fitilun da ke samanta sai tsalle suke yi, kore, kore, jifa-jifa har rawaya. Ana magana ke nan kusa da makirufon, kuma ba a hankali ba.

"Don Allah matsa," ta ce. "Kin taka mini waya."

Mai taka wayar ita ce mai tsara taron, 'yar aminiyar Umma, wadda kowa a zauren ke kira Anti Tsari saboda takardar jerin shirye-shirye da ba ta rabuwa da hannunta. Ta matsa taku ɗaya, ba don ranta ya so ba.

"Saurayinki yana ɗakin baya shi da mahaifiyarsa, Umma, makirufo na manne a wuyan rigarsa. Maganarki ake yi, 'yar'uwa! Maɓalli ɗaya za ki taɓa ta shigo miki kunne, ba wanda zai sani. Ni dai tausayinki nake ji..."

"Na gode."

Anti Tsari ba ƙarya ta yi ba. Kowane layi a na'urar yana da wani ɗan maɓalli wanda ke kawo sautinsa cikin abin kunnen injiniya kaɗai, ko da layin a toshe yake. Tsohon da ya koya mata aikin ya nuna mata shi tun ranar farko, sannan ya kafa mata doka: mutum yana kan dandamali, muryarsa taki ce, ki ji ta, ki gyara ta. Ya sauka, ba ruwanki da ita. Ya ce ya taɓa jin abin da ya hana shi gaisawa da wani babban mutum har shekara goma, kuma bai ga abin da jin ya ƙare shi da shi ba. Dokar ta zame mata jiki. Sai dai ba a taɓa gwada ta a kan layi na bakwai ba sai yau.

Bakwai shi ne mai gabatarwa na zauren. Shekara uku ke nan tana ɗora makirufonsa a layi na bakwai, har lambar ta bi shi ta zama suna. Muryarsa tana da kauri a ƙasa, irin wanda ke sa lasifika gurnani, ita ta rage masa kaurin ta adana gyaran a cikin na'ura. Duk mai hawa dandamali kafin taro "ɗaya, biyu, gwaji" yake cewa ya sauka. Ban da shi.

"Ɗaya, biyu... Injiniya, kin karya kuwa?"

"Ɗaya, biyu... wannan ɗankwalin ya karɓe ki."

Ita kuma tana can ƙarshen zaure, ba ta da amsar da ta wuce ɗaga babban yatsa, alamar sauti ya yi. Ranar da ya ce, "Ɗaya, biyu... ina son zuwa gaishe da Baba," yatsan ya riga tunaninta tashi. Har gobe cewa yake yi ita ta amince da gaggawa.

A gidan su Injiniya an yi ɗan guna-guni. Yaya ya ce bai ga sana'a a surutu ba, Baba ya ce shi ma Yayan da surutu yake sayar da taya, magana ta mutu. A can gidan su Bakwai ne ƙofa ta ƙi buɗuwa. Umma tsohuwar shugabar makaranta ce, shekara talatin da biyar tana gyara zaman yara da kallo ɗaya. Ta ce ba ta tarbiyyantar da ɗa ba don ya kwaso mata yarinya mai yawo da ƙunshin waya a kafaɗa cikin garada. Ga 'yar aminiyarta nan, mai digiri biyu, mai takarda a hannu. Wata takwas ana ja. Yau tsofaffin ɗalibanta suka kama zauren don karrama ta, kuma ta ce yau ɗin za a yi ta ta ƙare.

Kwana biyu Bakwai bai kira ba. Da safen nan ya hau dandamali, ya dubi sili, ya ce, "Ɗaya, biyu, gwaji," ya sauka. Injiniya ta ɗaga masa yatsa kamar kowa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma akwai makirufo goma sha ɗaya da ba ta gwada ba tukuna, sai ta ci gaba da aikinta.

Yanzu ƙarfe biyu saura minti biyar. Mutum ɗari huɗu sun zauna, kiɗa mai sanyi na tashi, fitilun layi na bakwai na ta tsalle.

"Wallahi ke dai akwai taurin kai," in ji Anti Tsari. "To bari in danna miki!"

Ta miƙa hannu ta bayan kafaɗar Injiniya. Ta sha ganin ana taɓa na'urar, kuma irin mutanen nan ce da ke ɗauka gani shi ne iyawa. Ɗan maɓallin kunne ƙarami ne, bai ɗauki idonta ba. Wanda ya ɗauki idonta shi ne babba mai ƙyaftawa a gefen allo, na kiran tsari na gaba. Ita wannan na'ura tana haddace yadda aka jera komai, a kira shi da taɓawa ɗaya. Tsari na ɗaya kiɗa ne kawai na shigowar baƙi. Na biyu shi ne buɗe taro, layi na bakwai a buɗe, murya a sama.

Fedoji suka zabura da kansu, shuuu! Ta bakwai ta kuɓuce daga ƙarƙashin yatsun Injiniya ta yi sama.

Muryar Umma ta faɗo daga lasifika takwas lokaci guda.

"...ni dai yarinyar nan..."

Injiniya ba ta bi ta kan bakwai ba. Babbar feda ta cafka, uwar dukkan sauti, ta kai ta ƙasa. Murya ta ɗauke, kiɗa ya ɗauke, zaure ya yi tsit. Kawuna ɗari huɗu suka juyo baya suna neman mai laifi, kuma ita suka tarar zaune. Anti Tsari kam tuni ta tuna tana da aiki a bakin ƙofa.

Manajan zaure ya iso yana haki.

"Mene ne haka? Yau kika fara aiki? A taron Hajiya?"

"Kuskure aka samu, yallaɓai."

"Kuskuren wa?"

"Teburina ne."

Ya wanke ta tas a gaban layin kujerun baya, har wata mata ta ja tsaki tana cewa dama aikin nan ba na mata ba ne. Injiniya ta toshe bakwai, ta dawo da kiɗa a hankali.

Taro ya tafi yadda aka tsara. Bakwai ya fito ya yi aikinsa, bai dubi ƙarshen zaure ba ko sau ɗaya. Da aka kira Umma ta yi jawabi, sai ga shi tana riƙe da makirufo a wajen ƙirji, nesa da baki, kamar yadda tsofaffin malamai ke yi, su da suka saba murya ta ishe su. Injiniya ta ɗaga mata kaɗan, ta rage kaifin sama, ta bi ta jimla bayan jimla da yatsa ɗaya. Har na kujerar ƙarshe ya ji lokacin da muryar ta yi rawa wajen ambaton marigayi mijinta. Mutane suka yi ta share ido.

Bayan la'asar zaure ya watse. Ana tara kujeru, Injiniya na durƙushe tana naɗe waya, sai ta ga takalmi ya tsaya a gabanta. Ta miƙe, ta russuna.

"Umma, ina wuni? Allah ya sanya alheri."

Umma ta ƙura mata ido. Ta yi mata kallon da ya gyara zaman yara shekara talatin da biyar, ta daɗe tana yi.

"Me kika ji?"

"Kalma huɗu, Umma. Waɗanda kowa ya ji."

"Kafin su fa?"

"Ban saurara ba."

"An ce miki ki danna."

"An ce."

Umma ta ja kujera ɗaya ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Ni na aiko wadda ta ce ki danna."

Injiniya ta tsaya da wayar a hannu.

"Na san makirufon yana wuyansa," in ji Umma. "Ya gaya mini, na ce dama da shi nake magana. Ni na hana shi kiranki kwana biyun nan. So na yi ki ji da kunnenki, ki janye da kanki, mu huta. Ya ce, 'Umma, ba za ta danna ba.' Na ce babu macen da ba za ta danna ba." Ta gyara mayafinta. "Da kin ji abin da na faɗa, ba za ki iya gaishe ni haka ba. Na san fuskar yaron da ya leƙa takardar wani."

Ta dubi na'urar.

"Na ji muryata ta bango. Na ce shi ke nan, ɗalibaina za su ji abin da malamarsu ta iya faɗa a kan 'yar mutane. Sai na ji ɗif."

"Akwai saura, Umma."

"Sauran me?"

Injiniya ta juyo da allon na'urar wajenta.

"Tana naɗar kowane layi daban, ko a toshe yake. Tun kafin taro take naɗa. Ga bakwai nan, minti goma sha ɗaya a ɗakin baya. Ƙungiyar ɗalibanki ta ce gobe a ba su komai."

Yatsun Umma suka matse bakin jaka. Wannan ne karo na farko da Injiniya ta ga tsufa a fuskarta.

Ta zaɓi mintunan goma sha ɗaya a kan allo, ta taɓa maɓallin gogewa. Na'ura ta tambaya ko ta tabbata.

"Dakata," in ji Umma. "Amsar da ya ba ni tana ciki. Ba ki son sanin me ya ce?"

Tana so. Tun safe babu abin da take so a duniya kamar wannan. Abin kunne na rataye a wuyanta, maɓallin kunnawa na dab da ɗan yatsanta.

"Ina so, Umma. Amma ba ni ya gaya wa ba."

Ta danna. Mintunan suka goge, wurin ya zama fili a kan allo.

Umma ta miƙe, ta nufi ƙofa tana tafiyarta ta shugabar makaranta. Injiniya ta koma kan wayarta. Ta naɗe ta, ta ga ta naɗe ta a karkace, ta warware ta sake.

Fitilun bakwai suka yi tsalle.

Ta ɗago. Yana tsaye a tsakiyar dandamali, shi kaɗai, makirufo na nan a wuyan rigarsa. A kan dandamali yake, saboda haka doka ba ta hana ba. Ta sa abin kunne, ta taɓa ɗan maɓallin.

"Ɗaya, biyu... Injiniyata, kina ji na?"

Ba ta ɗaga yatsa ba.

"Na sani, rabin raina, na sani. Ki yi haƙuri. Buɗe layin don Allah, ki sa ni a lasifika."

Ta buɗe, ta tura feda sama. Masu tara kujeru suka tsaya. Umma ma ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta juyo ba.

"Ɗaya, biyu... Umma, kina ji na?"

"Ina ji, ba kurma ba ce ni!"

"Abin da na faɗa miki ɗazu zan maimaita, tunda mai shi ba ta ji ba. Ba zan yi aure ba da yawunki ba. Amma ita nake so, ita zan jira, ko shekara nawa ne!"

Gurnanin nan na ƙasan muryarsa ya ɗan taso, don ya matso da baki fiye da kima. Hannun Injiniya ya tafi gyarawa da kansa, sai ta janye shi.

Umma ta juyo, ta dube shi, ta dubi ƙarshen zaure.

"Ka cika mana kunne. 'Yata, rage masa murya." Ta gyara riƙon jakarta. "Kuma ki gaya wa babanki baffansa na nan zuwa ranar Asabar."

Ta fice.

Bakwai ya tsaya da baki buɗe, mutumin da magana ce sana'arsa. Da ƙyar ya samo abin faɗa.

"Ɗaya, biyu... sauti ya yi?"

Injiniya ta share ido da bayan hannu, ta ɗaga masa babban yatsa. Muryar kuwa ba ta rage masa ba ko kaɗan.