Bodi Mai Ƙafa Takwas

Ranar da Marnie Doolan ta fara ganin Eamon Tranter, motarsa ce ta fara ɗaukar idonta. Jar akori-kura ce mai ƙofa huɗu, sai sheƙi take yi a filin baje kolin wani ƙaramin gari da ake kira Roma, bodinta gajere kamar an datse. Janareton lilon babanta, mai dawakan wasan yara, ne ya mutu da hantsi, aka kira Eamon, mai gyaran wuta, daga cikin gari.

"Wannan motar ta aiki ce ko ta zuwa zance?" ta tambaye shi tana miƙa masa sufana.

"Da dai ta aiki ce. Yau kam ban sani ba."

Ta kau da kai don kada ya ga murmushinta.

Mutanen lilo ba sa mako guda a gari ɗaya. Ana tashi daga baje koli sai a kwance ƙarafa, a ɗaura tireloli, a nufi na gaba. Duk inda suka sauka, Asabar na yi sai ga jar mota. Yana kiranta Alewata don ita ke sayar da alewar auduga, ita kuma tana ce masa Ɗan Gari.

"Alewata, tun Laraba na cika tanki, ƙafata sai ƙaiƙayi take yi. Ki ajiye min shayi, kada Baba ya shanye."

Ta karanta saƙon nan ya fi sau goma.

To amma a cikin mutanen lilo akwai al'ada. Duk mai neman 'yarsu sai ya ja ɗakin da za ta zauna da motarsa, ya shigar da shi mazauninsa da ribas, a gaban kowa. Ɗakin Marnie kuwa tirelar marigayiya mahaifiyarta ce, irin wadda goshinta ke hawa kan bodin mota, a maƙala ta a ƙarfen da aka kafa saitin tayoyin baya. A kusurwar goshin akwai furanni ruwan ɗorawa da marigayiyar ta zana da hannunta.

Babanta Col ya zagaya jar motar yana taɓe baki.

"Ƙafa nawa ne bodin nan?"

"Biyar da rabi, Baba."

"Ban zama babanka ba tukuna. Ka sayi kujeru biyar, ka rage wurin kaya. Da me za ka ja ɗakin 'yata? Ga Brodie can, ɗan gida, nasa ƙafa takwas."

Brodie mai motocin wasan karo ya daɗe yana zuwa da ƙoƙon bararsa, Marnie na ba shi alewa kawai.

"Ka dakata, don Allah," ta roƙi Eamon. "Tirelar nan ba irin ƙaramar da kake ja da kayan aiki ba ce."

"Haba Alewata, ja ai ja ne."

A garin Charleville aka yi gwajin, a wani lungu tsakanin bargar dawaki da tankin ruwa. Eamon ya fara da kyau. Da ya zo kwana sai ya murɗe sitiyari gaba ɗaya, yadda ya saba. Marnie ta ga goshin tirelar yana juyowa kan gidan direba, ta ƙwalla ihu. Ina! Gilashin baya ya tarwatse, kusurwar ta lotsa, furannin suka kankare.

Eamon ya taka birki.

"Sauke min ɗakin matata," in ji Col, ko ɗaga murya bai yi ba.

Kwana tara babu Eamon, babu saƙo. Marnie ta kasa zama ta kasa tsayuwa. Ta ƙona sukari har sau biyu. Duk jar motar da ta gifta sai ta leƙo. Ana cikin haka Brodie ya zo yana kaɗa waya.

"Ranki ya daɗe, ga Ɗan Garinki."

Hoton jar motar ne a gidan mai, wata mata a kan sitiyari ta sa hula da baƙin tabarau, Eamon ya jingina da taga yana dariya.

Ta shige tirela ta rubuta: "In ka fasa, ka faɗa min da bakinka. Na ga motar, na ga mai tuƙa ta."

Sai washegari da rana amsa ta shigo.

"Alewata, sunanta Noeline, jikokinta huɗu. Musayar mota muka yi. Ina gonarta tana koya min ribas da tirelar dawakinta, zagi kuwa na sha. Ba sabis sai na hau kan tankin ruwa. Kunya ce ta hana ni magana. Kada ki amsa wa kowa kafin Asabar."

Ta yi dariya, ta yi kuka, ta rubuta: "Sakarai. Shayinka ya huce."

Asabar a garin Cunnamulla sai ga wata tsohuwar farar akori-kura mai ƙofa biyu, bodinta ƙafa takwas, tana warin tumaki. Eamon ya fito da tef ɗin awo ya tsaya gaban Col, hularsa a hannu.

"Yallaɓai, faɗin tirelar ƙafa takwas ne, rabinsa huɗu. Daga gidan direba zuwa maƙalin nan ƙafa huɗu da inci takwas. Ko na karya kwana gaba ɗaya ba za ta taɓa ba. Da na auna tun farko. Ka yafe min, ka ƙara min dama ɗaya."

Col ya karɓi tef ɗin ya auna da kansa, har sau biyu, sannan ya matsa gefe.

Eamon ya ja a hankali. Sau uku yana tsayawa, ya fito ya duba goshin, ya koma.

"Kai, kafin ka gama an tashi kasuwa!" Brodie ya yi masa ihu.

"Rufe mana baki," in ji Col. "Mai fitowa ya duba nake nema."

A ƙarshe tirelar ta zauna daram a mazauninta.

Col ya je ya shafa lotsattsiyar kusurwar.

"Yaro, me kake tsammani furannin nan suke rufewa? Ni na fara lotsa wurin nan, a gaban kakan Marnie. Uwarta ce ta zana su don tsohon ya daina yi min gori."

"Baba! Shekara nawa kana ɓoye min?"

"To ke ma ga naki mijin, ga fenti can a akwatin uwarki."

"Na gode, yallaɓai," in ji Eamon.

"Wane yallaɓai kuma? Baba."

An ɗaura auren bayan baje kolin ƙarshe na shekara, a gaban lilon dawaki. Noeline ta zo da jar mota cike da jikoki, Brodie ne ya gasa naman, yana ta mita. Da aka watse, amarya ta hau farar motar ta matsa kusa da angonta, don kujerar guda ɗaya ce doguwa. A bayansu sababbin furanni biyu na sheƙi a goshin tirelar, kusa da ragowar na da.

Allah ya kiyaye musu hanya, ya sa duk inda suka sauka ya zame musu gida.