Faifan da Baba Ya Ɗauka

"Baba, don Allah ka sauko..."

Marnie ta riƙe murfin a-kori-kurar da hannu biyu, idanunta sun ciko da ƙwalla. Mahaifinta Gerrit bai ko dube ta ba. Yana zaune a gaban sitiyari da kwat ɗinsa ta zuwa coci, yana kallon motocin da suka cika filin ciyawa har bakin daji.

"Na kawo ki. Ai na cika alkawari."

"Ba haka muka yi ba. Cewa ka yi za ka gan shi da idonka kafin ka yanke magana."

"Me zan gani? Ƙato da gemunsa yana jifan bishiyoyi da faranti?"

Brody ya tuntsire da dariya daga kujerar gefe. Shi ke kula da rumbun tuffa a gonar Gerrit, kuma ya daɗe yana zagayen Marnie tana kakkaucewa. Ba wanda ya gayyace shi yau, kawai dai aka tsince shi a mota.

"Bar ta, Baba," in ji shi. "Ni ma ina ɗan taɓa wasan nan da yamma in na tashi aiki. Amma a ce mutum ya mai da shi sana'a, yana kwana a mota kamar marar gida..."

Marnie ta galla masa harara.

Emmett suke nufi. A ƙaramar bas yake kwana, yana bin gasar jefa faifai jiha-jiha, kuma da an tashi yau zai nausa kudu. Ya nemi aurenta tun farkon bazara, Gerrit ya ce ba ya ba da 'ya ga mutumin da gidansa ke da tayoyi. Ita kuwa ta gaya wa Emmett tana kuka cewa ba za ta bi shi ba sai da albarkar mahaifinta. Tun rasuwar mamanta su biyu ne rak a gidan.

Ta sassauta murya.

"Baba, in ka gani ka ce a'a, na haƙura. Ba zan sake ta da maganar ba."

Ya juyo ya kalle ta. Sannan ya zare makulli.

Suna shiga dajin hayaniyar masu sayar da gasasshen nama da lemo ta koma bayansu. Jama'a ce maƙil, tsofaffi da kujerun naɗewa, iyaye da yara a wuya, duk suna bin 'yan wasa huɗu da ke kan gaba a gasar. Igiya ce kawai tsakaninsu da 'yan kallo. In ka miƙa hannu sai ka taɓa jakar mutum.

Emmett ya hango ta. Fuskarsa ta washe, ya matso bakin igiya.

"Tuffata... kin zo."

"Na ce maka zan zo."

Ya cire hula ya rusuna. "Barka da zuwa, Baba."

"Ni ba babanka ba ne tukuna," in ji Gerrit.

Tukuna. Marnie ta ɗauki kalmar ta ɓoye a zuciya.

Wasu samari suka ɗaga alluna masu cewa a yi shiru, nan take dajin ya yi tsit. Dubban mutane, amma har kukan tsuntsu ana ji. Emmett ya tsinki ciyawa ya sake ta a iska, ya bi ta da ido. Gerrit ya ɗan ɗaga gira. Haka shi ma yake yi kowace safiya kafin ya yi feshi a gona.

Sai Emmett ya ja baya, ya taka, ya juya jiki gaba ɗaya.

Ƙarar ce ta fara zuwa, kamar an keta sabon yadi. Jan faifan ya ratsa tsakanin bishiyoyi biyu da ko mutum sai ya karkace zai wuce, ya kwanta dama kamar zai tafi abinsa, ya tsaya a sama yana shawagi, sannan a hankali ya dawo hagu ya sauka a gindin kwandon ƙarfen da ake son jefa shi ciki, can nesa inda da ƙyar ido ke kaiwa.

Marnie ta sha ganinsa a waya. Ashe waya ba ta nuna komai.

Jama'a suka ɗauki tafi. Gerrit bai tafa ba, amma bakinsa a buɗe yake.

"Ya aka yi ya san zai dawo?"

"Sa'a ce, Baba," in ji Brody.

"Sa'a ba ta karanta iska. Yi min shiru."

Haka suka yi ta bi, kwando bayan kwando, hawa da gangara. Takalman cocin Gerrit suka yi buɗu-buɗu bai kula ba. Da faifai ya shiga kwando, sarƙoƙin da ke rataye a samansa suka yi ƙara, sai Marnie ta ga kafaɗarsa ta motsa. Ya fara tambaya ƙasa-ƙasa.

"Wa ke gaba?"

"Wanda ya fi ƙarancin jifa. Emmett da Lyle sun yi kunnen doki, wancan mai furfurar. Ya sha cin gasar nan. Emmett bai taɓa ci ba."

"To ina alƙalin?"

"Su ne alƙalan junansu, Baba."

"Abokan hamayya? Kai, duniya."

Saura kwando biyu a gama. Wurin gangare ne, an ja farin zare a ƙasa ta gefen da 'yan kallo suke tsaye. Faifan da ya tsallake zaren gaba ɗaya ya fita fili, sai a ƙara wa mai shi jifa ɗaya tara. Marnie ta ja mahaifinta gaba-gaba don ya gani da kyau.

Emmett ya saki faifan. Ya taho da kyau, sai wani siririn reshe ya taɓa shi. Ya faɗo a tsaye, ya kama gangarawa kamar tayar keke, kai tsaye wajen jama'a. Mutane suka dare. Ya yi ɗan zagaye, ya yi rawa, ya kwanta daidai gaban takalmin Gerrit.

Marnie ta kalli ƙasa.

Tsakanin bakin faifan da zaren akwai koriyar ciyawa, faɗin yatsa ɗaya. A waje yake.

Ba ta gama haɗiye wannan ba ta ji muryar Brody a kunnen mahaifinta.

"Ɗauka ka miƙa wa yaron mana, Baba, kar a taka masa."

"Baba, kar ka..."

Ta makara. Gerrit ya sunkuya ya ɗauka, ya goge shi a hannun kwat ɗinsa kamar yadda yake goge tuffa kafin ya ba baƙo.

Wani irin nishi ya tashi daga jama'a. Wata mata ta dafe kai. Masu ɗaukar hoto suka juyo gaba ɗaya.

"Me na yi?" Gerrit ya tambaya, yana waige-waige.

"Ba a taɓawa, Baba," in ji Marnie. "Daga inda ya kwanta ake sake jifa."

Ta ga kunnuwan mahaifinta sun yi ja. Dattijon da ko a coci ba ya son a kira sunansa, ga shi tsaye a tsakiyar dubban idanu da abin mutane a hannu. Brody kuwa ya ja baya ya harɗe hannu yana jira. Sai a lokacin ta gane abin da yake so: Emmett ya zo da zafin rai ya ci mutuncin tsohon a gaban duniya, magana ta mutu.

Emmett ya gangaro, sauran ukun na bayansa. Ya kalli ƙasa inda babu komai. Ya kalli hannun Gerrit. Marnie ta ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Sai ya miƙa hannu biyu.

"Na gode, Baba. Har da gogewa? Rabon da wani ya wanke min shi na manta."

Dariya ta ɓarke, wadda ta sauke wa kowa nauyi. Gerrit bai yi ba.

"Yaro, ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ba komai, mayarwa za a yi. A ina ya kwanta?"

"Ban duba ba."

Lyle ya sosa furfurarsa. "To ai doka a fili take, ƙanena. In ba wanda ya tabbatar, mai jifa ake ba. Ajiye shi a ciki mu wuce, yunwa nake ji."

Sauran biyun suka gyaɗa kai. Shi ke nan. Ba tara.

Emmett ya sunkuya zai ajiye, sai idonsa ya faɗa cikin nata. Ya tsaya.

"Marnie... kin gani."

Ta girgiza kai, hawaye na zubowa. Ta san yadda ya ɗora ransa a kan kofin gasar nan. Jiya ma sai da ya ce mata in ya ci, Baba zai yarda sana'a ce. Shiru kawai za ta yi, ba wanda zai taɓa sani.

"Gaya min, zumata. Duk yadda yake."

Ta ji idon mahaifinta a kanta.

"A waje yake," ta ce. "Kaɗan... amma a waje."

Emmett ya lumshe ido. Da ya buɗe, murmushi yake yi.

"Kun ji. A rubuta min tara."

"Kai, yaro," in ji Lyle, "ka tabbata? Budurwarka ce fa, ba alƙali ba."

"Shi ya sa na tabbata."

Ya dawo cikin fili ya tsaya. Kwandon na can sama, bishiyoyi sun tare shi, sai wata 'yar kafa kamar taga. Aka ɗaga alluna. Marnie ta ji hannun mahaifinta ya kama nata, abin da bai yi ba tun ranar jana'izar mamanta.

Faifan ya tashi a karkace, ya bi ta kafar ko ganye bai taɓa ba, ya miƙe, ya yi ta tafiya a hankali kamar wani ne ke riƙe da shi. Rana ta haska jan bayansa.

Sarƙoƙi suka amsa.

Dajin ya girgiza da ihu. Baƙi suka rungumi juna. Marnie ta waiga, sai ga Gerrit da hula a hannu yana kaɗa ta sama.

"Kin gani? Marnie, kin ga abin nan kuwa!"

Da ba don tarar ba, da Emmett ya wuce gaba. Haka suka isa kwandon ƙarshe kai da kai. Na Lyle ya shiga. Na Emmett ya daki bakin ƙarfen ya faɗo.

Jifa ɗaya.

Bayan an miƙa kofi, Marnie ta same shi a bayan bas ɗinsa, yara sun yi layi yana sa musu hannu a faifai. Ta jira na ƙarshe ya tafi, sannan ta fashe da kuka.

"Ni na kayar da kai..."

"Reshe ne ya kayar da ni, Tuffata."

"Da na yi shiru..."

"Da kin yi shiru, da kullum na kalli kofin nan sai na ga fuskarki ta ɗazu. A ina zan ajiye shi? Motar ma ba wuri."

Ta yi dariya cikin kuka, ta kai masa duka a kafaɗa.

Gyaran murya suka ji. Gerrit ne, Brody na biye da shi yana ta bayani.

"Baba, ni fa taimako na yi niyya..."

"Kai da ka ce kana taɓa wasan da yamma? Ka san ba a ɗauka." Gerrit bai ɗaga murya ba. "Nemi motar da za ta mai da kai gida. Gobe ma yi magana a rumbu."

Brody ya juya ya tafi.

Gerrit ya leƙa cikin bas ɗin. Gado a gyare, tukunya a wanke, faifai jere bisa launi. Ya daɗe yana dubawa.

"Yaushe wasanninku ke ƙarewa?"

"Kafin sanyi ya sauka, Baba."

"Lokacin mun gama tsinkar tuffa, rumbu ya isa taron biki." Ya gyara kwat. "Amma da sanyi a gida za ta zauna, mai bango da rufi. Kai ma haka. Kuma in za ku dawo nan baɗi, a nemo min kujerar naɗewa irin ta tsofaffin can."

Marnie ta toshe baki da hannu. "Baba..."

"Kar ki fara min kuka a gaban mutane." Ya miƙa wa Emmett hannu. "Kawo farantin nan in gani."

Emmett ya ba shi jan faifan, ya gyara masa yatsu. Gerrit ya tsinki ciyawa ya sake ta a iska, ya ja baya da takalman coci, ya wurga da iya ƙarfinsa.

Faifan ya yi tangaɗi kamar kazar da aka jefo daga rufi, ya faɗi ɗan gaba kaɗan.

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake Marnie sai da ta ciji leɓe.

Gerrit ya taka ya tsaya a kansa. Ya mai da hannayensa baya ya haɗe su.

"Wannan karon sai ka ce in ɗauka."

"Ɗauka, Baba," in ji Emmett.

Marnie ta jira ta ji ko zai sake cewa "tukuna". Tsohon ya sunkuya kawai, ya ɗauka, ya goge a hannun kwat.