Leshin Madam Uchechi Mai Ƙamshin Turare

Da hantsi Madam Uchechi ta faɗo caji ofis na Ƙaura Namoda tana haki, wai an sace mata leshi. Sufeto Abdulrashid ya ɗauka yadi ne, har ta kai shi ɗakinta ya ga bango cike da ƴan ƙananan leshi cikin gilashi, saƙar allura ta ƙasar Hangari. Mijinta ne ya fara kawo mata su daga can inda ya yi karatu, ita kuma ta kamu da son tara su. Gilashi ɗaya babu komai ciki.

Kafin azahar aka tsinci leshin cikin ƙullin Muhtari mai wanki. Hankalin Sufeto ya tashi, domin shari'a ta fara aiki a Zamfara, kuma hannun ɓarawo ake magana.

"Yallaɓai, mi zan yi da wanga abu?" in ji Muhtari yana kuka. "Ko koko ba ya tacewa!"

Sufeto ya ɗaga leshin ya sansana. Babu ƙamshin sabulu, sai turaren wuta mai tsada, gefe ɗaya har ya yi ja don hayaƙi. Ya yi murmushi, don ya san wanda zai sayar da kayan sata ba ya turara su. Mai zuwa biki ke yin haka.

"Wa ya tafi biki cikin gidan nan?"

"Maƙwabciyata, Hajiya Yalwa," in ji Uchechi. "Bikin suna ta je Shinkafi jiya."

Hajiya ta tarbe su da fara'a. "Ni ko kallon tsummokaran nan ban yi, ranka shi daɗe."

"To, ara mini kallabin da kika ɗaura jiya."

Ta kawo tana jan ƙafa. Ƙamshin ɗaya ne, ga kuma ɗan farin zaren leshin maƙale a jikin fil ɗin kallabin.

"Aro na yi!" Hajiya ta fashe da kuka. "Matan Shinkafi sun ishe ni da yanga. Da na ga hayaƙi ya ɓata shi, sai tsoro ya kama ni, na tura cikin wanki."

"Aro babu sanin mai shi? Mu je ofis, Hajiya."

Uchechi ta bi su tana cewa ta yafe, tana kuma tambayar ko matan Shinkafi sun yaba.

"Wallahi sun yaba," in ji Hajiya cikin hawaye.

Muhtari kuwa ya zauna bakin rijiya, ya daɗe yana juya hannunsa na dama kafin ya tsoma shi cikin kumfa.