Gahawar Inna Atika Ba Sukari

Kun gan ta, kada ku ce ba ku gan ta ba. Duk wadda ta taɓa zaman gahawa a unguwarmu ta Gadarif, nan Sudan, ta ga Inna Atika tana rufe bakin finjalinta da tafin hannu idan an miƙo sukari. Kuka ce Allah ya sawwaƙe, kuka kau da kai. Ba wadda ta tambayi kanta yadda mai ciwon suga take yini a gona tana yankan riɗi ko gezau, alhali 'yarta Mardiyya ce kullum a rame. Ku ne kuka koya mana cewa yarinya mai ciwo ba ta auruwa. To, ku zauna ku ji abin da kuka jawo.

Ran da rigimar ta tashi, Mardiyya tana durƙushe a gindin randa tana tono kwalbar allurarta daga jiƙaƙƙen yashi. Nan suke ɓoye ta, don allurar sanyi take so, wutar garin kuwa ba abin dogaro ba ce, kuma baƙo ba ya leƙa ƙarƙashin randa.

An riga an ɗaura mata aure da Uzairu, saura tarewa. Yana can ƙasar waje, a birnin Maskat, yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, kuma maigidansa bai ɗauki nauyin lafiyar iyali ba. Dole shi zai saya mata inshorar lafiya, ta'amin kamar yadda muke cewa a nan. Kamfanin ya aiko da tambaya: shin tana da wani tsohon ciwo?

Inna ta ce a amsa babu. Ta ce ɗan Musulmi in an tambaye shi lafiya alhamdu lillahi yake cewa, ba ya zazzage cikinsa gaban baƙo.

"Inna, can babu randa, babu ke," in ji Mardiyya. "Ran da ciwon ya kayar da ni suka gano na ɓoye, ko ƙwaya ɗaya ba za su biya ba. Kuma da wane ido zan kalli Uzairu?"

"Da idon da kike kallonsa yanzu. Ki shiga ɗakinki tukuna, sauran na Allah ne."

Mardiyya ta san abin da mahaifiyarta ta ɗauka a kanta. Tun Mardiyya tana ƙarama, jim kaɗan bayan rasuwar mahaifinta Malam Gado, wani likita a garin Madani ya gano ciwon. Da suka dawo gida, Inna ta buɗe kati a asibitin unguwa da sunan kanta, ta baza labari cewa ita ce mai suga. Ita ke bin layi, ita ke karɓo allura. Zuwa ganin likita kuwa sai a ce an tafi gaida dangi a Madani. Shekara da shekaru tana haɗiye gahawa mai ɗaci a gaban mata, don kada wani ya nuna 'yarta da baki.

Yaya za ta rushe wannan ginin? Yaya kuma za ta shiga gidan miji da ƙarya a ƙunshe cikin lefe?

Washegari da hantsi Uzairu ya kira yana zolayarta, wai tambaya ɗaya ta gagari malamar makaranta guda. Ba ta yi dariya ba. Ta jingina da bango ta gaya masa komai.

Da ta gama, Uzairu ya ce:

"Mardiyya... buhun riɗi kika ɗauki kanki, da zan soka in ga tsakuwa in mayar?"

"Tsoro na ji, habibi."

"Ni ma yanzu tsoro nake ji. Da kin yanke jiki kin faɗi a gabana ban san me zan ba ki ba fa?" Ya ja numfashi. Can kuma ya ce, "Tsaya. Duk dabino da halawar da nake aiko miki, wa yake cinyewa?"

"Inna... a ɗaki, in ta rufe ƙofa."

Dariya ta ƙwace masa, ita kuma kuka ya ƙwace mata, suka haɗu a tsakiya. Ya ce ransa ya sosu, ba zai ɓoye mata ba, amma da ita ya ƙulla aure, da jininta da sugarta duka.

Ya shiga neman kamfani. Na farko da jin sunan ciwon ya ce a'a. Wani ya ce zai karɓe ta amma ban da duk abin da ya shafi suga, wato ya sayar musu da laima mai huji daidai kai. Da ƙyar aka sami wanda ya yarda: kuɗin zai ƙaru, za a jira wasu watanni kafin su fara ɗaukar nauyin tsohon ciwon, kuma sai an kawo rahoton likita da sunanta. Uzairu ya ce ya amince, ko da zai ƙara aikin ranar hutu.

Nan gizo ya yi saƙa. Likitan Madani yaƙi ya tarwatsa shi, ba wanda ya san inda yake. Katin da ke asibitin unguwa kuwa na Atika ne, dattijuwa mai lafiya kamar doki. A idon duniya Mardiyya ba ta taɓa ciwon kai ba. Kafin a rubuta gaskiya sai Inna ta je ta warware abin da ta saƙa, a asibitin da rabin matan unguwa ke zaune a benci.

Inna ta ce ba da ita ba. Mardiyya ba ta matsa mata ba. Ta dai sauke akwatin da ta fara shiryawa, ta mayar da kayan cikin sif ɗaya bayan ɗaya, Inna tana kallo daga bakin ƙofa.

Ranar Alhamis aka yi zaman gahawa a gidan Khairiyya, mahaifiyar Uzairu. Inna ta yafa tob ɗinta, wato mayafinta na fita kunya, ta ce wa Mardiyya ta biyo ta. Hayaƙin turare na tashi, jabana, butar dafa gahawa, na kan garwashi, mata ana ta caccakar tsadar albasa. Khairiyya ta zuba wa Inna nata daban kamar kullum, ta wuce da kwanon sukari.

Inna ta miƙa finjalin. "Zuba mini, Khairiyya."

Aka yi ca, wai kashe kanta za ta yi?

"Lafiyata ƙalau. Ban taɓa ciwon suga ba. 'Yata ce mai shi, tun tana ƙarama. Na ɓoye don na san bakinku, kuma na san nawa, don ni ma na yi da 'ya'yan wasu. Gobe zan je asibiti a sa sunanta. Amma surukata za ta fara ji daga bakina."

Daga gefe wata ta yi ƙus-ƙus cewa ai tunda ba a tare ba, da sauran magana. Mardiyya ta ji, ta sunkuyar da kai.

Khairiyya ta juyo ga Inna.

"Kin cuce ni, Atika. Da hannuna na riƙa ɗura wa yarinyar nan shayi mai zaƙi, tana kurɓa don kunyata."

Sai ta ɗebi sukari ta zuba wa Inna, ta ƙara, ta juya da kanta. Ta ɗauki wani finjalin ta cika shi ba ko ƙwaya, ta sa a hannun Mardiyya.

"Daga yau wannan ne naki a gidan nan, 'yata. Mai sauran magana kuma ta sha nata ta tashi."

Inna ta kurɓa. Hawaye ya gangaro mata har cikin finjalin, ta ce ashe haka gahawar Khairiyya take da daɗi, shekarun nan duk zaginta take yi a zuci.

Aka yi gwaje-gwaje, aka rubuta rahoto da sunan Mardiyya Gado, kamfani ya karɓa. Ranar tafiya, a tashar motar zuwa Port Sudan, inda Mardiyya za ta hau jirgi, Inna ta danƙa mata wata 'yar tukunyar ƙasa naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, allurar na ciki. Uzairu ta waya ya ce ai akwai firji a gidan. Inna ta ce firji bawan wuta ne, tukunya kuwa 'ya ce. Mardiyya ta rungume Inna, ta rasa kalmar godiyar da za ta isa, sai kawai ta sumbaci tafin hannun nan da ya daɗe yana rufe bakin finjali.

Yanzu saura ku. Akwai wata kwalba a ƙarƙashin wata randa, wataƙila a gidanku. Ku tono ta. Ku kai mai ciwon asibiti a rubuta sunansa na gaskiya tun kafin tafiya ta taso, kuma in kamfani ya tambaya ku faɗi abin da yake akwai. In kuma 'yar maƙwabta aka ce tana da ciwo, ku riƙe bakinku, ku aika ɗanku neman aurenta in yana so. Ku tashi yau, kada wata uwa ta sake shan ɗaci saboda ku.